Jan Da Bai Koɗe Ba

Tun ranar da Yaya ta hango ƙanenta Auta yana fitowa daga shagon Ɗan Gayu, dilan sitika, yana dariya har da riƙe ciki, hankalinta bai sake kwanciya da shi ba. Ita dama ba ta son dariyar da ba da ita aka fara ba. Tana cikin motar haya ta gan su, dilan ya dafa kafaɗar Auta kamar tare aka yaye su, kafin ta gyara zama ta ƙara dubawa mota ta wuce.

Shagon yin allunan talla ne suka gada wurin mahaifinsu, su biyu. Ita ce a ƙasa. Ita ke karɓar aiki, ta zana shi a kwamfuta, ta sa wa injin yanka sitika, ta yi ciniki da dilolin kaya. Auta shi ne a sama. Shi ke hawa tsani da allo a kafaɗa, shi ke liƙa sitika a jikin mota ko gilashi, ya shafe ta lumui ba kumburi ko ɗaya. Yana da mata da 'ya'ya, furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma har yau Auta take ce masa, kuma har yau idan ya sayo ƙusa sai ta tambaye shi a wane shago.

In za a yi mata adalci, an taɓa cutar ta. Shekarun baya wani abokin mijinta ya raka ta ta sayi injin buga manyan hotuna na hannu, yana ta rantsuwa cewa sabo ma bai fi shi ba. Injin ya ɗan yi aiki na ganin ido, sannan kansa ya toshe, ya koma ɗigar da tawada kamar mai mura. Daga baya ta ji ashe an ba abokin nasa kaso. Injin yana nan a kusurwar shago an lulluɓe shi da tsohon zane, a kansa suke ajiye kofuna. Tun daga lokacin duk wanda ya yaba mata kaya, ba kayan take kallo ba, aljihunsa take kallo.

To sai ga babban aiki ya faɗo musu. Wani kamfanin kai saƙo ya sayo motoci zai buɗe rassa, yana son a yi wa motocin ado da ja, a yi wa kowane reshe allo ja. Manajan ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: in jan ya koɗe kafin shekara biyu, su za su sake aikin daga aljihunsu. Duk mai wannan sana'a ya san ja shi ne launin da rana ta fi tsana. Motocin ba su iso ba tukuna, rassan ma ana kan gini, saboda haka suna da 'yan watanni su zaɓi sitikar da za su saya, kuma da yawa za su saya.

Dila biyu ne a garin masu irin wannan kaya. Akwai Dattijo, wanda tun zamanin fenti da buroshi mahaifinsu ke sayayya wurinsa. Sai Ɗan Gayu, sabon zuwa, mai shagon gilashi da na'urar sanyi, wanda turarensa ke riga shi isowa wuri.

“Yaya, mu ɗauki na sabon dilan nan,” in ji Auta, ranar da suka zauna shawara. “Dattijo ya canza inda yake saro kaya. Ki je ki ga allon mai kemis da muka yi bara, ya koma ruwan hoda.”

“Rana ce ta ci shi.”

“To su motocin nan a inuwa za su riƙa yawo?”

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. “Kai da ko sunan sitika ba ka damu da shi ba, yaushe ka zama mai ba da shawara? Me kake zuwa yi shagonsa?”

“Injin da ke shimfiɗa leda a kan hoto ya kawo, sabo. Yana bari in gwada hannuna in ba kowa. Laifi ne?”

Ba ta ce laifi ne ba. Ta dai lura amsar ta fito da sauri, kamar an daɗe da shirya ta. Da ya yi jinkiri kuma, da ta ce ƙarya yake haɗawa.

Washegari ta zaga dilolin da kanta. Dattijo ya jawo mata naɗin sitika daga can ƙarƙashin tari, ya hure ƙura. “'Yata, abin da nake sayar wa babanku shi nake sayar miki. Kin taɓa ganin na canza?” Ya yanko mata ƙyalle guda. Ɗan Gayu kuwa har bakin ƙofa ya tarbe ta, ya sa aka kawo ruwan sanyi, ya yi ta zuba bayani a kan gam da kauri da shekarun da jansa ke yi a rana. Shi ma ya yanko mata nasa, ya naɗe a takarda. Tana fita ya ce, “Uwar ɗakina, a gaida min mutumina Auta.” Kalmar nan ta mutumina ta raka ta har gida.

Ta shimfiɗa yankan biyu a kan teburin falo. Ja ɗaya, sheƙi ɗaya, ko uwar da ta haife su ba za ta bambanta su ba. Mijinta ya leƙo ya ce, “Ke kuwa ki tambaye shi mana gaba da gaba, ba ƙanenki ba ne?” Ta ce ai shi ya sa. Bare in ya cuce ka ka yi tsaki ka wuce, amma na cikin gida ba a kama shi da tambaya. Ta riga ta yanke a ranta: in ta tabbata Auta na cin kaso a bayanta, za a raba shagon, kowa ya kama gabansa. Abin yana mata ciwo tun kafin ya faru, don ita ta goya shi, amma ta gwammace ciwon da a mayar da ita sakarya sau biyu.

Mahaifinsu yana da hanyar gwada fenti. Sai ya shafa a tsohon fallen kwano, ya kafa inda rana ta fi duka, ya manta da shi, in ya waiwayo sai rana ta faɗa masa gaskiya. Ita ma haka za ta yi, amma da ƙari. Ta yanke yankan biyu daidai wa daida. Ta juya su, ta bi sunan kamfanin da ke jikin takardar baya da baƙin fenti har ya ɓace. Sannan ta ɗauki alƙalami, a bayan na Ɗan Gayu ta zana da'ira, a bayan na Dattijo ta ja layi biyu. Ita kaɗai ta san wanne ne wanne. In lokaci ya yi za ta sa Auta ya nuna wanda ya fi, bai san na wa yake nunawa ba, sannan a duba baya. Har ta ɗan yi murmushi don jin daɗin wayonta.

Da safe ta miƙa masa su a naɗe tare. “Ka liƙa su a farin kwano, ka kafa a bangon sama, inda rana ke faɗuwa.”

Ya juya su ya ga baƙin fentin, ya dube ta. Ya ɗauki tsani da robar shafa da fensirin da kullum ke maƙale a kunnensa, ya hau. Ita ba ta hawa tsani, ko kujera ta taka sai jiri ya ɗebe ta. Tana shirin tsallaka titi ta tsaya ta sa masa ido, sai wata mai gyaran gashi ta shigo da rigimar an rubuta mata lambar waya ba daidai ba. Kafin a gama wannan Auta ya sauko yana karkaɗe hannu. Daga tsallaken titi ana hango kwanon a saman rumfar shago, ja biyu gefe da gefe.

Daga nan ta buɗe sabon aiki, aikin gadi. Kullum da hantsi sai ta tsallaka wurin mai faci, ta tsaya ta kare ido da hannu tana kallon sama.

“Malam, in ka ga wani ya hau can ka faɗa min,” ta ce masa.

“Wani wa? Mutum ɗaya ke hawa can a duk layin nan, kuma kin san shi.”

“Ko shi ne.”

Mai faci ya ci gaba da danna tiyub cikin ruwa yana neman inda ke kumfa. “Ni dai tsuntsaye nake gani. In kina so in riƙa rubuta sunayensu.”

Ba ta yi dariya ba. A watannin nan ba abin da Auta ya yi da bai zama shaida ba. Ya sayi takalmi, ta tambayi matarsa a fakaice nawa ne. Waya ta shigo masa ya fita waje don ƙarar injin yanka, ta kashe injin ta kasa kunne. Da ya daina zancen sitika ɗungum, ta ce ya sha jinin jikinsa. Wata rana ta shinshini rigar aikinsa da ke rataye, ta ji wani ƙamshi-ƙamshi, ta yini tana tunanin turaren Ɗan Gayu ne ko sabulun wanki. Auta yana ganin komai. Ya rage hira, ya koma cin abincin rana a bakin ƙofa, bayansa na kallon ta.

Rana ba ta yi sauri ba, amma ta yi aikinta. Na hannun dama ya fara dusashewa daga gefe, ya yi fari-fari, ya koma kalar ruwan da aka wanke nama. Na hagu yana nan ja wur. Har mai faci sai da ya ce, “Yau kam ko makaho ya ga bambanci.” A makon ne kuma manajan kamfanin ya bugo ya ce motoci sun iso, a fara aiki.

Tana tsaye a tsallaken titi tana cewa a ranta, yanzu sai a ɓamɓaro su a duba baya, sai gabanta ya yanke ya faɗi. Wane baya? Alamar a jikin takardar baya ta yi ta, takardar da ake ɓarewa a yar kafin a liƙa. Shekara da shekaru a bayan sitika take rubuta komai, sunan mai aiki, awo, inda ne sama, saboda ba a ɓata gaba. Hannunta ya bi abin da ya saba. Ta san sarai zai ɓare takardar, shi ya sa ma ta shafe sunan kamfanin, amma ko sau ɗaya bai faɗo mata cewa alamarta ma za ta bi shara ba. Kunya ta rufe ta a tsakiyar titi, har wani mai babur ya yi mata tsawa.

Ba lokacin sake gwaji. Ita ta san ma'anar alamomin, ba ta san wanne ke hagu ba. Wanda ya ga alamomin yana liƙawa mutum ɗaya ne, shi ne kuma wanda aka haɗa tarkon dominsa.

Ta same shi a cikin shago yana canza wa wuƙar yanka reza. Ta ɗan zagaya, ta gyara abin da ba ya buƙatar gyara, sannan ta ce kamar ba komai, “Auta, ranar da ka liƙa jan nan, ka lura da wani zane a baya?”

“Na lura. Ɗaya da'ira, ɗaya layi biyu.”

“Wanne ka sa a hagu?”

“Mai da'ira.”

Ya faɗa ko ɗagowa bai yi ba. Da'ira, na Ɗan Gayu ke nan. Bisa ƙa'idar da ita kanta ta kafa, magana ta ƙare: bai san na wa ba ne, rana ta zaɓa, kuma abin da ya faɗa tun farko shi ne gaskiya. Da wata macen ce, da ta yi ajiyar zuciya ta ce alhamdu lillahi. Yaya kuwa sai ta ji kanta ya fara aiki. Ashe ba zai iya ganewa da hannu ba, shi da ke taɓa sitika kullum? Ko ya ɗaga takardar a rana ya hango sunan ta ƙarƙashin fenti? Ko mijinta ya yi suɓul da baka?

“Ka tabbata?”

“Na tabbata.”

“Watanni fa ke nan. Mutum na iya mantawa.”

Ya ajiye wuƙar. “Na wa ne mai da'irar, Yaya?”

Ta kau da kai, hakan kuwa ya ba shi amsa.

“Na gane,” ya ce a hankali. “Da na ce layi biyu, za ki tambaye ni ko na tabbata?”

“Ni ba abin da na ce. Aikin babba ne, dole in bi a hankali.”

“Tun ranar da na ga baƙin fentin nan na san ba sitika kike gwadawa ba. Na yi shiru, na ce bari rana ta wanke ni tunda bakina bai isa ba. Ba sai kin yarda da ni ba. Na kwafe alamomin da fensir a jikin kwanon, kowanne kusa da nasa. Ki sa wani ya hau ya karanta miki.”

A nan ne ya kamata ta riƙe bakinta. Ta ji maganar tana tahowa, ta san ba ta da kyau, amma ta riga ta fito.

“Yaushe ka rubuta?”

Auta ya dube ta. Ba ta ga fushi a fuskarsa ba, da fushi ne da ta san yadda za ta yi da shi, don sun sha yin faɗa su shirya kafin a rufe shago. Gajiya ta gani. Ya cire fensirin daga kunne ya jefa a jakar aikinsa, ya bi da robar shafa, da wuƙa, da tef ɗin awo. Ya zare makullin shago daga cikin nasa ya ajiye mata a kan tebur.

“Auta, tambaya ce kawai.”

“Na sani. Kullum tambaya ce kawai.” Ya rataya jakar. “Ki sayi duk wanda ranki ya kwanta da shi. Ki nemi wanda zai liƙa miki, wanda in ya ce hagu za ki yarda hagu ne. Ni na kai shekarun da 'ya'yana ke tambaya ta abu in faɗa su yarda.”

Ya fita. Ta zauna tana jiran ya dawo, don ta san shi, ba ya nisa da fushi. Injin yanka ya gama aikin da ke kansa ya tsaya, shagon ya yi tsit. Da ta ga har rana ta karkata bai dawo ba, ta tashi ta jawo tsanin da kanta, tana nishi, ta jingina shi da rumfa. Mai faci ya taso da gudu ya riƙe mata ƙafarsa.

“Baiwar Allah, bari in hau miki mana.”

“A'a. Ni zan gani da idona.”

Ta hau tana salati, ba ta yarda ta dubi ƙasa ba. Rumfar ta yi zafi kamar kasko. Ta rarrafa har gaban kwanon. Ga su nan kuwa, a ƙasan kowane ja, zanen fensir ya yi dishi-dishi: layi biyu a dama, a hagu kuma wani abu mai lanƙwasa, rabin da'ira.

Rabi? Zuciyarta ta yi tsalle, har da wani ɗan daɗi mara kyau, ta ce to ga inda ƙarya ta ɓuya. Ta sa farce a gefen sitikar ta ɗago ta da ƙyar, gam ɗin yana ja. Sauran rabin da'irar yana ƙarƙashi, baƙi ƙirin, rana ba ta taɓa ganin sa ba. Auta ya fara yin alama ne sannan ya liƙa, kamar yadda yake yi a kowane allo, gefen sitikar ya hau kan zanen ya rufe shi tun ranar farko. Ba yadda za a yi mutum ya rubuta wannan daga baya.

Ta zauna daɓas a kan kwanon rumfa, zafin ma ba ta ji. Ta laluba ko akwai wata tambaya da ta rage, ta ga babu, ta ƙare. Abin da ya rage mata baƙin ciki ne zalla, da sanin cewa ƙanenta bai taɓa cin ko sisinta ba, kuma ita ta kore shi da bakinta. Daga nan sama ana ganin titin har ƙarshensa, masu babur, mai tura baro, 'yan makaranta na komawa gida. Ta duba ta sake dubawa, ba shi.

Ta ciro waya daga ɗaurin zane, ta kira shi. Ta yi ta ƙara har ta tsinke. Ta sake kira, aka ce a kashe take.

“An gani?” mai faci ya ɗaga murya daga ƙasa. “Wanne ne mai kyan?”

“Wanda ya ce,” ta amsa.

“To ai shi ke nan, sai a sauko.”

Ta dubi bakin tsanin da ya leƙo ta gefen rumfa, ta rasa ta inda ake fara sa ƙafa.